Masu sanin tsuntsaye don Allah a taimaka, su waye ke wannan kukan a bayan gidanmu?

Maman Walid:

Salamu alaikum 'yan uwa, da fatan an tashi lafiya. Tambaya gare ni ga masu sanin tsuntsaye in akwai su a nan. Muna zaune ne can wajen gari bayan Rijiyar Zaki, a gidan akwai darbejiya biyu da mangwaro ɗaya, bayan katanga kuma fili ne da ba a gina ba duk ya cika da ciyawa da 'yan bishiyoyi. To tunda damina ta kankama kukan tsuntsaye ya yi yawa wlh, yara sai tambayata suke Mama wannan waye, wancan waye, ni kuma banda kurciya da hankaka da balbela ba abin da na sani.

Guda uku ne suka fi tsaya min a rai. Na farko da an idar da sallar asuba yake farawa, gajeren kuka ne mai daɗi, gaɓa huɗu ko biyar, cik-cok-ciwu-ciwu haka, ya yi ta maimaitawa har gari ya waye tangaran. Na biyu daga cikin ciyawar bayan katanga yake fitowa, murya ce ƙasa-ƙasa bu-bu-bu-bu-bu tana sauka, kamar an kifa kwalba ruwa yana fita. Na uku kuwa fito ne mai ƙarfi, fiyuu, nan take sai ka ji ƙat-ƙat a bayansa. Ko ɗaya ban taɓa gani da idona ba, da na fito sai a yi tsit. Sannan wai dole sai na sayi madubin hangen nesa kafin in fara gane su? don na ji an ce da tsada.

Tsohon Malamin Samaru:

Wa alaikumus salam 'yata. Tambayarki ta yi kyau kuma yadda kika kwatanta kukan ya sauƙaƙa aikin, da yawa sai su ce "wani tsuntsu ne yana kuka" shi ke nan, to wa zai gane.

Na farkon koji ne, kusan ba na shakka. Ba gidan da ke da bishiya a ƙasar nan da babu shi. Ba shi da wani ado, bayansa ruwan ƙasa, kansa ya fi duhu da ɗan tukku kaɗan, cikinsa fari-fari, bai kai kurciya girma ba. Yana cikin masu fara buɗe baki da asuba. In kina son ganinsa ki duba darbejiyar lokacin da 'ya'yanta suka nuna suka yi rawaya, ko gwanda ko gwaiba in akwai a maƙwabta, shi ne mai fafe su. Yawanci bibbiyu suke yawo, kuma in mage ta gilma ko maciji, sai ya bar waƙar ya koma wani surutu mai kaushi cer-cer-cer ba ƙaƙƙautawa. Ki riƙe wannan da kyau, tsuntsu ɗaya yana da kuka fiye da ɗaya. Akwai waƙa, wadda galibi namiji ke yi don ya shaida wa sauran maza nan wurinsa ne kuma ya jawo mace, akwai kuma kiran juna da na gargaɗi. Sabon shiga sai ya ɗauka tsuntsaye uku ne alhali koji ne guda.

Na biyun ragon maza ne. Babba ne, kai da doguwar jela baƙaƙe, fukafukai jajaye-jajaye ruwan goro, ƙirji fari, idonsa ja wur. Ba ya son tashi sama, a ƙasa yake rarrafe cikin ciyawa yana neman fara da ƙadangaru da kwaɗi, in kin tsorata shi ma sai ya yi ɗan tashi da ƙyar ya sake faɗawa cikin duhuwa. Bayan an ɗauke ruwan sama yakan hau kan katanga ko reshe ya baje fukafukai yana shan hantsi, wannan ne lokacin da za ki gan shi sosai. Wani lokaci ɗaya zai fara ɗayan ya amsa daga nesa, muryar ɗaya ta fi ta ɗayan kauri.

Na ukun shi ne ya fi ban sha'awa, don ba tsuntsu ɗaya ba ne kike ji, biyu ne, miji da mata. Namijin ne ke fiton, macen ta ba shi amsa da ƙat-ƙat ɗin, kuma tsabar yadda suke haɗa shi ba tazara sai ki rantse baki ɗaya ne. Ki gwada wannan: in sun fara ki rufe ido ki saurari inda fiton ke fitowa da inda ƙat-ƙat ɗin ke fitowa, wata rana za ki ji ɗaya a mangwaro ɗaya a bayan katanga. Tsuntsun cikinsa ja ne jawur, bayansa baƙi ƙirin, saman kansa rawaya, amma duk da wannan ado ɓuya yake cikin ganye mai duhu, sai an yi haƙuri.

Batun madubi kuwa, ki ajiye kuɗinki tukuna. Abin da na saba gaya wa ɗalibai shi ne wuri ɗaya, lokaci ɗaya. Ki sa kujera ko tabarma a gindin bishiya bayan asuba ki zauna shiru, kar ki bi tsuntsun, in kin bi shi kin kore shi. Ki zaɓi kuka ɗaya tak ki yi ta binsa da kunne har ki ga bakin da ke buɗewa yana yin sa. Ranar da ido da kunne suka haɗu a kan tsuntsu guda, to wannan ya zauna, ba ki ƙara mantawa. Ki ƙware a kan biyar ɗin da suka fi yawa a gidanki, bayan nan duk baƙon da ya shigo kunnenki da kansa zai gaya miki wannan ba ɗan gida ba ne.

Ɗan Jos:

Baba ya gama magana gaskiya, Allah ya ƙara lafiya. Na ukun nan in za ki neme shi a waya ki rubuta gonolek, za ki ga hotonsa. Abin da zan ƙara shi ne Anti ki riƙa ɗaukar muryar da wayarki, rikodar da ke cikin kowace waya ta isa, ki ɗauki kamar rabin minti ki yi shiru kar ki motsa hannu, in kin gama sai ki faɗi ranar da lokacin da inda tsuntsun yake a ƙarshen rikodin ɗin don wlh bayan sati biyu ba za ki tuna ba. Matsalar garuruwanmu dai janareto da adaidaita da lasifika, shi yasa tsakanin asuba da fitowar rana ya fi, iska ma a kwance take lokacin. Wata dabara kuma ki sa tafukan hannu a bayan kunnuwa ki juya kai a hankali, za ki yi mamakin yadda sautin ke ƙaruwa kuma ki gane ta ina yake zuwa.

Akwai manhajoji irin su Merlin da BirdNET, na farkon na jami'ar Cornell ne a Amurka, kyauta ne, kina kunna su suna saurare su ba ki suna. Amma fa a yi hattara, sun fi ƙwarewa a tsuntsayen Turai da Amurka don can aka fi tara musu muryoyi, a nan sau da yawa ko su yi shiru ko su ba ki sunan wani tsuntsun da bai taɓa taka Afirka ba. Ni yadda nake yi, in na yi zargin wane ne, sai in shiga xeno-canto, wani shafin intanet da ake tara muryoyin tsuntsaye, in nemo muryar da wani ya ɗauka a Najeriya ko Gana ko Senegal in kwatanta da tawa.

Kuma kar ki ga kamar wasan yara ne, a ƙasar nan an ƙirga tsuntsaye sama da iri 900, kuma nan kusa da mu a Laminga akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis a dajin Amurum, ƙarƙashin jami'ar Jos, mutane har digiri na biyu suke yi a kan wannan. Tun 2015 suke aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, kuma yawancin masu turo bayanai ba wasu furofesoshi ba ne, 'yan sa kai ne da waya a hannu.

Basakkwace:

Ni abin da ni ka gani, Hajiya ta ce ta san kurciya, to wace kurciya? Nan ne ya kamata a hwara don su ne kullum a tsakar gida, kuma ba su da wuyar gani. Da munka tashi muna yara ba mu san wani littahi ba amma ko da ido ruhe mun san wadda ke kuka.

Ƙaramar nan ta gida mai ɗigo-ɗigo a gaban wuya, wadda ba ta da baƙin zobe a ƙeya, kukanta a sanyaye yake, hu-hu-huru-hu-hu, yana ɗan hawa ya sauka, sai ka ce dariya takai ƙasa-ƙasa. Akwai mai baƙin zobe a bayan wuya, ita kam sauri takai, ku-ku-kuku ku-ku-kuku ba hutawa ko da tsakar rana ana zahi kowa ya yi shiru ita tana nan tana yi. Hasbiya ita ce babba, mai jan fata kewaye da ido da hwararen ɗigo a fukafukai, kan rufin bene ko giginya taka zama, nata kukan mai kauri ne, wu-wu-wu-wu yana ƙara ƙarhi kamin ta tsaya. Sai bardo, ɗan ƙarami mai doguwar wutsiya, namijin baƙar huska, shi ba shi da yawan kuka, a ƙasa za ki ganai bakin hanya yana tsintar tsaba. To kin ga huɗu ke nan daga abin da kinka ce guda ne. A kurciyoyi ba daɗin murya za ki bi ba, kiɗan za ki bi, gaɓa nawa, da sauri ko a hankali, ina anka ja ina anka tsaya. Ki riƙa buga shi da yatsa a gwiwa.

Kuma a gaya ma yara shamuwa da suka gani bisa bishiya hwarkon damina ba su jin waƙarta, ita ba mawaƙiya ba ce, baki taka kaɗawa a sheƙa. In rani ya yi kudancin Afirka taka tahiya ta dawo da ruwa.

Maman Walid:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Allah ya ƙara girma, yau da safe na yi yadda kuka ce na zauna ban motsa ba, kuma ga koji nan a kan wayar wuta yana yi da bakinsa, daidai yadda kuka kwatanta shi. Mai jan cikin dai har yanzu sai murya. Wata tambayar kuma, akwai wasu 'yan mitsi-mitsi jajaye da ke shigowa har bakin kicin suna tsintar tsaki, su ba su da tsoro sam, to jiya na ga wani baƙi sil mai sheƙi girmansu ɗaya a kan eriya yana ta wani kuka a cakuɗe, shi kuma waye?

Ɗan Jos:

Anti kin yi sa'a wlh, wannan labarinsa ya fi na kowa. Jajayen nan mu ba'u muke ce musu, namijin ne ja sosai macen ruwan ƙasa da ɗan ja a gindin jela, a jikin bango ko cikin jinka ko ma cikin tsohon kwando suke sheƙa. Shi kuma baƙin, ki duba za ki ga bakinsa fari ƙafafunsa jajaye, ba ya gina sheƙa ko kaɗan. Macensa a sheƙar ba'u take zuwa ta saka ƙwai ta tafi abinta, ba'u ta ƙyanƙyashe ta rena shi tare da nata 'ya'yan, kuma ɗan idan ya buɗe baki neman abinci alamomin da ke cikin bakinsa iri ɗaya ne da na 'ya'yan ba'u shi yasa uwar riƙon ba ta gane baƙo ne. To abin da ya shafi kuka a nan shi ne, tun yana sheƙa yake haddace waƙar uban riƙonsa, idan ya girma sai ya riƙa cusa ta cikin tasa. Wannan cakuɗen da kika ji, ki ƙara saurare, cikin surutun mai kaushi za ki ji wani siririn fito mai taushi, wannan na ba'u ne ya ara. Macen ma da wannan take zaɓen miji, wanda ke waƙar irin gidan da ta tashi. Kuma baƙin nan na lokacin aure ne kawai, wajen ƙarshen damina zuwa kaka, in ya wuce sai ya koma ruwan ƙasa mai zane-zane ki kasa bambanta shi da macen.

Irin wannan ce ta sa aka gano wani sabon nau'in ba'u a duwatsun Jos a 1998, masu bincike sun ji wani ɗan uwan baƙin nan yana kwaikwayon wata waƙa da ba su san mai ita ba, da aka bi diddigi sai ga mai waƙar.

Mai Kanari Fagge:

Wannan magana ta Ɗan Jos mu masu kiwon kanari mun daɗe da saninta ko ba a jami'a ba. Ɗan kanari in kana so ya iya waƙa kusa da babban da ya ƙware kake rataye kejinsa, in ka bar shi shi kaɗai ko kusa da maras iyawa to haka zai tashi da guntuwar waƙa. Kuma namiji ne mai yi, mace sai ɗan cik-cik. Hajiya in kina son ki ji su da kyau ba sai kin sha wahalar zama a gindin bishiya ba, ki sa muryar a waya ki ƙure sauti, da kansu za su sauko su zo har gabanki, mai jan cikin nan ma haka za ki fito da shi.

Tsohon Malamin Samaru:

Malam Mai Kanari, a batun koyon waƙa ka yi gaskiya, amma shawararka ta ƙarshe ban goyi baya ba. Tabbas zai zo, amma me ya kawo shi? Ya ɗauka wani namiji ne ya shigo masa gida, ya bar cin abinci ya bar sheƙa ya zo faɗa da abokin gaban da ba ya nan, kuma yanzu damina ce yawancinsu suna kan ƙwai ko suna ciyar da 'ya'ya. A yi sau ɗaya a daina wataƙila ba komai, amma a gida da yara, in suka gane dabarar kullum sai sun yi. Ki saurari rikodin a ɗaki ko da abin kunne, ya wadatar.

In ana son su matso, ruwa ne maganin. Kasko mai faɗi marar zurfi, ruwan kar ya wuce gaɓar yatsa, a sa ɗan dutse a tsakiya, a ajiye a inuwa kusa da bishiya amma ba inda mage za ta laɓe ba. A riƙa zubarwa ana sakewa kullum saboda sauro. Yanzu da ruwa ko'ina ba za ki ga amfaninsa sosai ba, ki bari sai bazara, Maris da Afrilu, lokacin za ki ga har waɗanda ba ki taɓa zaton suna unguwar ba. Su Walid kuma a karɓe danƙo, in ana harbi a gida ba tsuntsun da zai sake.

Tunda gidan da fili a baya ga wasu da za ki iya ji nan gaba. Cilakowa, fito ne siriri pi-pi-pi-piyu-piyu, yana yi yana ɗaga baki sama. Kulkulu, babba mai toka-toka da doguwar jela, shi ƙyalƙyala dariya yake kau-kau-kau-kau daga ƙololuwar bishiya, ba ya ɓuya. Kaca-kaca gungu suke yawo a ƙasa, ɗaya ya fara surutu duk su ɗauka gaba ɗaya sannan su yi shiru tare. Suda kuma fito ne mai daɗi yana gangarowa a hankali, ta fi son bayan gari inda akwai ƙaya. In akwai marai da ke saƙa a wata bishiya kusa, ki kasa kunne da wani siririn kuka mai hawa, di-di-di-diderik, wani ɗan kore mai sheƙi ne da ke zuwa da damina yana saka ƙwai a sheƙarsu, sai ki ga marai sun taso masa gaba ɗaya.

Madubin in kin tashi saye nan gaba, ki nemi wanda aka rubuta 8x42 ko 8x32 a jiki, kar a ruɗe ki da mai lamba babba, hannu na rawa ba ki ganin komai. Kuma a yanayin da ake ciki kar a fita da shi kusa da bariki ko shingen jami'an tsaro, kar kuma a ɗaga shi ta saitin gidan maƙwabta, sai a jawo magana.

Maman Walid:

To Baba in sha Allah. Ta ƙarshe don Allah kar in gajiyar da ku, da daddare akwai wani mai ƙara shiiiii mai tsawo a saman rufi, mai aikina ta ce mujiya ce wai mugun abu ne sai mun kore ta.

Tsohon Malamin Samaru:

Mujiya ce, farar nan mai faffaɗar fuska, ita ce mai wannan ƙarar, takan zauna cikin silin ko rufin gidan da ba a gama ba. Ɓeraye da jaɓa take ci, in tana da 'ya'ya a dare ɗaya sai ta kwaso da yawa, ki duba ƙasan inda take zama za ki ga wasu dunƙule-dunƙule baƙaƙe da take amayarwa, in kin fasa da tsinke gashi ne da ƙasusuwan ɓera. In a cikin silin ɗinku take kuma wari ko ƙarar ya dame ku, a jira 'ya'yan su tashi sannan a toshe ƙofar da take shiga. In kuma kin ji wani gajere, kurr, ya yi shiru ɗan lokaci ya sake kurr, daga cikin darbejiya, wannan wata ƙaramar mujiya ce da ba ta fi tafin hannu ba, ita ƙwari take kamawa.